Idan injin ƙaramin jirgi ya mutu a kan iyaka, ina zai sauka?

Idan dai masu karatu ba su manta ba, a ranar 8 ga Disamba 2025 wani jirgin dakon kaya na rundunar sojan saman Najeriya, samfurin C-130, ya sauka ba shiri a birnin Bobo-Julaso na ƙasar Burkina Faso, yana kan hanyarsa ta zuwa Fotugal. Rundunar ta ce matsalar na'ura ce ta tilasta wa matuƙan neman filin da ya fi kusa da su, su kuwa shugabannin ƙawancen AES, wato Mali da Burkina Faso da Nijar, suka ce jirgin ya keta musu sararin samaniya ba da izini ba, har ma suka yi kashedin cewa dakarunsu suna da ikon kakkaɓo duk jirgin da ya sake yin haka. An tsare sojoji 11 da ke cikin jirgin sama da mako guda, sai da ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je Wagadugu ya gana da Kyaftin Ibrahim Traore sannan aka sake su.

An yi ta cece-ku-ce a kan siyasar wannan al'amari, amma akwai wani ɓangare da ba a tsaya an duba ba. Shi C-130 injuna huɗu gare shi, kuma akwai gwamnati a bayansa da za ta tura minista ya yi biko. To, yaya ke nan idan ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya tak, ya taso daga Damagaram ko Marwa, inji ya ɗauke masa a sararin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa? Minti nawa ya rage wa matuƙinsa, kilomita nawa zai iya ci, kuma wa zai karɓe shi idan ya sauka?

Wannan tambaya ta shafi mutanen kan iyaka fiye da yadda ake zato. Ƙananan jirage ne ke kai ma'aikatan agaji da magunguna garuruwa irin su Diffa da Dirku da Abeshe a ƙarƙashin sashen sufurin sama na Majalisar Ɗinkin Duniya, su ne ke ɗauko majinyata daga ƙauyukan Chadi masu nisa, su ne ke feshin fari da tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa da gero. Da su ne kuma ɗalibai ke koyon tuƙi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Yayin da hanyoyin mota suka ƙara haɗari a wasu sassa, manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa su ma sukan ɗauki shatar irin waɗannan jirage. Ko wanda bai taɓa taka matakalar jirgi ba, a kan gonarsa ko kasuwarsa jirgin ke wucewa.

Mutuwar inji ba ita ce faɗuwar jirgi ba

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka da zarar inji ya tsaya, jirgi zai faɗo kamar dutse. Ba haka abin yake ba. Abin da ke riƙe jirgi a sama iskar da ke ratsa fukafukansa ce, aikin inji kawai ya tura shi gaba don iskar ta ci gaba da ratsawa. Idan inji ya mutu, matuƙi yakan ɗan sunkuyar da hancin jirgi, nauyin jirgin ya riƙa jan sa gaba yana sulalowa a hankali. Duk wanda ya taɓa ganin direban babbar mota ya sa ta a firi a kan gangara ya san yadda tudu ke iya maye gurbin mai. Bambancin kawai shi ne gangarar jirgi tsayin da ya riga ya hau ne, kuma ba a ƙara shi bayan inji ya tsaya.

Mu ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu wanda babu samfurin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Idan injinsa ya mutu, a duk mita 1 da ya sauko yakan ci kimanin mita 9 a gaba. Ke nan idan yana mita 3,000 sama da ƙasa, zai iya kaiwa wajen kilomita 27, kuma zai ɗauki kusan minti 13 kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa. Idan kuwa mita 300 kacal ya hau, abin da ya rage masa bai kai kilomita 3 ba, lokacin kuma minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi. Cessna Caravan, wanda ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da shi a nahiyarmu, ya ɗan fi shi, domin yakan ci mita 13 zuwa 14 a duk mita 1.

A harshen kasuwa, tsayi shi ne jarin matuƙi. Ranar da inji ya mutu ciniki ya tsaya, sai cin uwar kuɗi, kuma gwaninta ita ce sanin yadda za a ci ta a hankali har a kai gida. Shi ya sa gogaggen matuƙi, idan zai ratsa hamada ko tafki ko daji, yakan hau sama sosai ko da tafiyar gajera ce. Fasinja ya ga kamar ɓata mai ake yi, alhali guzuri ake tarawa.

Gudun da ba a ƙari, ba a ragi

Waɗancan alƙaluma ba su tabbata sai an riƙe jirgi a kan wani ƙayyadadden gudu, wanda kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta a littafin jirgin. Bari mu kira shi gudun gangara. Ga Cessna 172 na zamani kimanin kilomita 125 ne a awa, ga Caravan mai cikakken lodi kuwa kimanin 175. Idan matuƙi ya zarce wannan gudu, iska za ta yi ta turje masa, ya zubar da tsayi a banza. Idan ya yi ƙasa da shi, jirgin ya riƙa nitsewa ba tare da cin ƙasa ba. Idan ya ci gaba da ragewa har ya kai wajen kilomita 90 a awa a Cessna 172, iskar da ke riƙe fukafukai sai ta suɓuce, hanci ya kife, wani lokaci jirgin ya shiga juyi kamar katantanwa.

A nan ne babban tarkon yake. Mutumin da ya ga ƙasa tana tasowa, zuciyarsa za ta ce masa ya ja sitiyari ya ɗaga hanci don ya ƙara nisa. Yin haka kuwa rage nisa yake yi, kuma shi ke kawo kifewar da ba a cika tsira daga ita ba. Jirgin da aka sauke a gona yana ƙarƙashin ikon matuƙi, gudunsa bai wuce na motar haya a kan kwalta ba, kuma sau da yawa jirgin ne ke lalacewa mutane su fito da ƙafafunsu. Saboda haka abin da ake fara koya wa ɗalibi shi ne ya kafa gudun gangara tun kafin ya taɓa komai. Bayan nan ya zaɓi wurin sauka ya nufe shi, sannan ya gwada tayar da inji, ya juya makunnin mai zuwa ɗaya tankin, ya kunna famfon mai, ya duba wuta. Sai bayan haka ya kira hasumiya da kalmar neman ɗauki ta Mede sau uku, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin a taimake ni, a kan mitar da yake magana ko mitar gaggawa ta 121.5, ya kuma sa lambar 7700 a na'urar da ke nuna shi a rada.

Wani haɗari da ya auku a tekun Bahar Rum ya nuna muhimmancin wannan gudu. A ranar 6 ga Agusta 2005, jirgin kamfanin Tuninter na Tunisiya, samfurin ATR 72 mai farfela biyu, ya taso daga Bari ta Italiya zuwa tsibirin Jarba da mutum 39. Kafin tafiyar, makanikai sun sa masa agogon mai na wani samfurin daban, wato ATR 42, agogon ya riƙa nuna man da babu shi. Injunan biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, matuƙan suka nufi Falermo, amma ba su kai ba suka sauka a kan ruwa, mutum 16 suka rasu. Da masu binciken Italiya suka sake gwada tafiyar a na'urar kwaikwayon tuƙi, sai suka ga cewa da an juya ruwan farfelun sun bi iska yadda ba za su turje ba, aka kuma riƙe gudun da ya dace, da akwai yiwuwar kaiwa filin. Masu binciken sun yi wa matuƙan adalci, domin agogo yana gaya musu akwai mai, shi ya sa suka ɓata lokaci suna ƙoƙarin tayar da injunan da ba za su taɓa tashi ba.

Mafi munin lokaci shi ne jim kaɗan bayan tashi, sa'ad da jari bai taru ba. Abin da ake koyarwa ga jirgi mai inji ɗaya shi ne kada matuƙi ya yi yunƙurin juyawa ya koma filin da ya baro, domin kwana tana cin tsayi, tana kuma kusanto da suɓucewar iska. Ya nemi wuri a gabansa ko ɗan gefe kaɗan. Ko mai inji biyu ma bai tsira daga haɗarin wannan lokaci ba. A ranar 21 ga Fabrairu 2021, jirgin King Air 350 na sojan saman Najeriya da ya tashi daga Abuja zuwa Minna ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, ya faɗi dab da filin jirgin, dukkan mutum 7 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya.

Yawancin matsalar daga ƙasa ake hawa da ita

Injin jirgi ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan ƙananan jirage, ta ƙididdige cewa daga 2011 zuwa 2015 ana samun haɗari sama da 50 a kowace shekara saboda rashin iya tafiyar da mai. Fiye da rabi mai ne ya ƙare ƙarƙaf. Kimanin kashi ɗaya cikin uku kuwa akwai mai a jirgin amma bai isa inji ba, misali tanki ɗaya ya ƙare matuƙi bai juya zuwa ɗayan ba. A kashi 95 cikin 100 na waɗannan haɗurra akwai hannun ɗan Adam.

Mun ga irin wannan a kusa da mu. A ranar 28 ga Agusta 2020, wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗi a unguwar Opebi a Legas, saura 'yan mintoci ya isa filin jirgi, mutum 3 suka rasu. Masu bincike sun tarar babu mai a tankinsa. Ƙa'ida ta tanadi cewa ƙaramin jirgi mai fukafukai da ke tafiya da ganin ido ya isa inda za shi da ragowar man aƙalla minti 30 da rana, minti 45 da dare. Wannan ragowa ita ake fara ci idan iska ta yi gaba da jirgi, ko ƙura ta rufe fili aka yi ta kewaye, ko aka ce a jira wani babba ya sauka tukuna.

Sai batun awo, wanda ba sai an yi wa ɗan kasuwa dogon bayani ba, tunda ya san mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, ya san rigimar da ke tsakanin mudu da tiya. A ranar 23 ga Yuli 1983 wani Boeing 767 na Air Canada yana buƙatar mai kilo 22,300 don zuwa Edmanton, amma aka yi lissafi da ma'aunin fam, wanda bai kai rabin kilo ba, jirgin ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Injunan suka mutu a tsakiyar tafiya. Allah Ya sa kyaftin ɗin, Robert Pearson, gwani ne wajen tuƙa jirage marasa inji, ya sulalo da shi ya sauke a wani tsohon filin soja a garin Gimli, mutum 69 suka tsira. A yankinmu wannan tarko a ɗane yake kullum. Littafin Cessna da galan ɗin Amurka yake lissafi, mai lita 3.8, galan ɗin Ingila da tsofaffinmu suka sani lita 4.5 ne, mai sayar da mai a Yamai ko Garwa da lita yake awo, nauyin jirgi kuma da fam ko kilo ake rubuta shi.

Bugu da ƙari, man jirgi iri biyu ne. Ƙananan jirage masu injin fistin suna shan abgas, wani fetur na musamman mai launin shuɗi, masu injin tabain irin Caravan kuwa suna shan Jet A-1, dangin kananzir. Idan aka zuba Jet A-1 a injin abgas, jirgin zai iya tashi lafiya da ragowar man da ke cikin bututu, sannan inji ya mutu daidai lokacin da ake hawa. Abgas yana da tsada da wuyar samu a Afirka ta Yamma, sau da yawa a cikin duro ake kai shi ƙananan filaye, kuma duro da ya sha rana da raɓa yakan tara ruwa da tsatsa. Ruwa ya fi mai nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa za ka ga matuƙi ya tsuguna a ƙarƙashin fiffike yana tsiyayo mai a ɗan kofi yana ɗagawa a rana kafin tashi. Manyan jirage ma ba su tsira ba, domin a watan Yuli 2023 an samu ruwa a tankin wani Boeing 737 na kamfanin Max Air a Yola, kuma wannan yana cikin dalilan da hukumar NCAA ta bayar na dakatar da jiragen kamfanin na wannan samfuri na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa sayen gurɓataccen mai a hannun 'yan bumburutu ya san ƙarshenta mota ta tsaya a gefen hanya. Sama kuwa ba ta da gefen hanya.

Lodi ma yana da alaƙa da mai kai tsaye. Abin da Cessna 172 zai iya ɗauka, har da mai da matuƙi da fasinja da jakunkuna, kimanin kilo 400 ne. Cikakken tankinsa lita 200 ne, wato wajen kilo 145. Abin da ya saura bai isa manya huɗu ba, balle kaya. Buhu ɗaya mai kilo 50 daidai yake da nauyin lita 70 na abgas, man tafiyar kusan awa biyu ke nan. Saboda haka duk lokacin da mai shata ya matsa wa matuƙi a ƙara jaka ɗaya, ko a ƙara ɗan rakiya, ko dai a tashi da nauyin da ya wuce ƙa'ida ko a rage mai. A zafin bazara kuma iska takan yi sakayau, inji ya rage ƙarfi, jirgi mai nauyi ya daɗe bai hau ba, ya daɗe ke nan ba shi da jari.

Wurin sauka

A Turai ko Amurka da wuya ƙaramin jirgi ya yi nisa da wani fili. A nan kuwa daga Damagaram zuwa Diffa kusan kilomita 400 ne ta sama, daga Agadas zuwa Dirku sama da 500, daga Injamena zuwa Faya kusan 800. Idan aka kwatanta da kilomita 27 ko 40 da jirgi zai iya sulalowa, a bayyane yake cewa a mafi yawan tafiyar ba filin jirgi za a sauka ba, sai dai inda ido ya gani.

Ta wannan fuska ƙasar Sahel tana da nata alheri, domin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma da rani gonakin da aka girbe suna da yawa. Amma sai an san ta. Gona mai kunya ana bin tsawon kunyar ne, wanda ya gitta ta tayoyi za su karye jirgi ya wuntsila. Yashin busasshen kogi yana da kyan gani daga sama, amma yana cafke taya. Da damina fadama taɓo ce, dawa ta fi mutum tsawo. Kwalta tana da wayoyin lantarki da ba a gani sai an zo dab, ga motoci, ga shingayen jami'an tsaro. Da hunturu kuma ƙura kan hana ganin ƙasa har sai an sauko ƙwarai, iskar arewa maso gabas tana rage nisan wanda ya fuskance ta, ko da yake a lokacin taɓa ƙasa fuskantar iska ake so don gudu ya ragu. Hayaƙin ƙonar daji ko na gidan burodi yakan nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Dab da sauka sai ya rufe mai, ya kashe wuta, ya sa a ɗan buɗe ƙofofi don kada su maƙale, kowa ya ɗaure ɗamara tamau.

Inda babu fili ko kaɗan, abin yakan yi muni. A ranar 1 ga Mayu 2023 wani Cessna 206 ɗauke da mutum 7 ya samu mutuwar inji a kan dajin Amazon na ƙasar Kolambiya. Matuƙin ya yi kiran neman ɗauki, ya ce zai nemi kogi ya sauka, amma bai kai ba ya faɗa cikin itatuwa. Manya uku suka rasu, yara huɗu da ke kujerun baya suka tsira, babbarsu 'yar shekara 13. Sai da aka yi kimanin mako biyu kafin a gano jirgin, yaran kuwa sai ranar 9 ga Yuni aka same su, bayan kwana 40 suna rayuwa da garin rogo da 'ya'yan itatuwa. Darasin da ke ciki gare mu shi ne sauka rabin aiki ne. A hamadar Tenere babu 'ya'yan itace, babu ruwan sama, wanda ya sauka lafiya zai iya mutuwa da ƙishirwa cikin 'yan kwanaki idan ba a san inda yake ba. Na'urar da ke aika alamar haɗari ga tauraron ɗan Adam a kan mita 406, da jarkar ruwa, da takardar da ke nuna hanyar da jirgi zai bi, su ne ke raba tsakanin ceto da makoki.

Inda siyasa ta shigo

Duk wanda ya san taswirar kasuwanninmu ya san cewa filin da ya fi kusa sau da yawa yana ɗaya ɓangaren iyaka. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai kilomita 100 ba. Jirgin da ke kan Birnin Ƙonni ya fi kusa da Sakkwato a kan Tawa. Wanda ke kan Kusiri ta Kamaru, filin Injamena yana hange a ƙetaren kogi. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda dukkan waɗannan ƙasashe suke cikinta, ta wajabta wa kowace ƙasa taimakon jirgin da ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi a yankinta, kuma wani ƙari da aka yi mata a 1984 ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke sama. Sai dai yarjejeniyar ba ta haɗa da jiragen soja ba, su sai da izini na musamman, kuma a nan ne kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja a rikicin Bobo-Julaso.

A takarda ke nan ƙaramin jirgin farar hula yana da kariya. A aikace kuwa yanayin ya canza tun daga 2023. Nijar ta rufe sararin samaniyarta a ranar 6 ga Agusta na wannan shekara har kusan wata guda, ƙasashen AES uku suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025, jirage marasa matuƙa suka yawaita, zargi ya yi yawa tsakanin maƙwabta. Sojan da ke gadin iyaka ya hango ƙaramin jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa ba ƙarar inji, ya kauce daga hanyarsa, me zai ɗauka? Haɗarin da ya fi wannan ma shi ne abin da zai ɗarsu a zuciyar matuƙi. Idan ya san sauka a ƙetare na nufin tsarewa da tuhuma, zai iya zaɓar filin gida mai nisa, ya yi ta jan hanci don ya kai, ya faɗa tarkon da muka ambata a sama. Minti 13 ba su isa neman izini ta ofishin jakadanci ba.

Maganin wannan ba ya buƙatar sai shugabanni sun sasanta dukkan rigingimunsu. Sararin Nijar da Chadi da Kamaru da Benin da Burkina Faso duk hukuma ɗaya ce ke kula da shi, wato ASECNA, wadda aka kafa a 1959, mai babbar makarantar horar da ma'aikata a Yamai, na Najeriya kuma yana hannun NAMA. Abin da ake buƙata shi ne layin waya tsakanin hasumiya da hasumiya ya kasance yana aiki dare da rana, sannan tsakanin hasumiya da barikin soja mafi kusa, yadda da zarar lambar 7700 ta bayyana ko aka ji kiran Mede, labari zai kai ga mai riƙe da bindiga kafin jirgin ya kai kansa. Haka kuma tsoffin ƙananan filaye irin na Nguru da Potiskum, da makamantansu a Nijar da Chadi, ya kamata a riƙa share su, a hana gini da zubar da shara a kansu, ko da sau ɗaya a shekara jirgi ke sauka.

Su ma 'yan kasuwa da nasu rabon. Alhajin da ya ɗauki shata, idan matuƙi ya ce a rage kaya, ko a biya ta wani gari a sha mai, ko a kwana saboda ƙura ko faɗuwar rana, to ya yi haƙuri, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya tambayi man awa nawa aka zuba, tafiyar kuma ta awa nawa ce, matuƙin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Ya faɗi nauyin kayansa na gaskiya. Shugabannin kasuwa da masu unguwanni kuma su faɗakar da jama'a cewa idan jirgi ya sauka a gona ko bakin hanya, a fara fitar da mutane a nisanta su, a kashe taba da injin babur, a kira hukuma, kada kowa ya kusanci man da ke zuba. Ba mu manta da tankar da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayu 2019 ba, inda sama da mutum 55 suka ƙone, ko ta garin Majiya a Jigawa a watan Oktoba 2024, wadda ta ci sama da mutum 150, yawancinsu masu kwasar mai. Abgas fetur ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Mutanen kan iyaka sun daɗe da al'adar sauke baƙon da mota ta lalace masa, a ba shi ruwa da tabarma kafin a tambaye shi takarda. Abin da muke roƙon gwamnatocinmu shi ne su yi wa baƙon da ya faɗo daga sama irin wannan karamci, bincike ya biyo baya. Allah Ya kiyaye matafiyanmu na ƙasa da na sama, amin.